Binciken masu ba da tallafi ta hannun masu aikin sa-kai na UNV: amfaninsa da iyakarsa

Tun daga farkon shekarar 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, sannan ta rufe hukumar USAID a watan Yuli ta mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, da wuya a samu ƙungiyar agaji ko ta raya ƙasa da ba ta shiga neman sababbin masu ba da tallafi ruwa a jallo ba. Birtaniya ma ta sanar a watan Fabrairun 2025 cewa za ta rage kasonta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa shekarar 2027, alhali alƙaluman ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasa sun nuna cewa tallafin da ƙasashe masu arziki suka bayar a 2024, wanda ya kai kusan dala biliyan 212, ya ragu da kimanin kashi 7 cikin ɗari idan aka kwatanta da na shekarar da ta gabace ta. Ina aiki da wata ƙungiya mai matsakaicin girma da ke gudanar da ayyukan ilimin 'ya'ya mata da samar da ruwan sha a yankin Tafkin Chadi, a ɓangaren Najeriya da na Nijar, kuma ba mu da ma'aikacin da aka ware domin neman kuɗi kaɗai. Wannan ne ya sa muka koma ga tsarin aikin sa-kai ta intanet na Majalisar Ɗinkin Duniya, muka nemi masu sa-kai su binciko mana gidauniyoyi da hukumomin da za su iya zama abokan hulɗarmu. Hukuncin da na yanke bayan na yi aiki da su shi ne tsarin yana da amfani na gaske ga ƙungiyar da ta san abin da take nema, kuma ana gane darajar aikin ne daga yawan sunayen da ya taimaka aka soke, fiye da yawan waɗanda ya tara.

Shirin UNV, wato shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Babban Zauren Majalisar ya kafa a 1970, yana ƙarƙashin kulawar hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, wato UNDP, kuma hedikwatarsa tana birnin Bon na ƙasar Jamus tun 1996. Sashen aikin sa-kai ta intanet ya fara ne a shekarar 2000 a cikin shirin NetAid, wanda UNDP da kamfanin Cisco suka assasa, daga baya ya koma hannun UNV kacokan, sannan a 2021 aka haɗe shi da sauran nau'o'in aikin sa-kai a kan dandali guda. Ƙa'idojinsa a taƙaice suke. Duk wanda ya kai shekara 18 zai iya yin rajista daga ko'ina a duniya, aiki ɗaya ba ya wuce sa'o'i 20 a mako na tsawon makonni 12, ba a biyan mai sa-kai albashi ko alawus, abin da yake samu a ƙarshe shi ne takardar yabo da ke shaida aikin da ya yi. Ƙungiyar da ta nemi aikin ita ma ba ta biyan komai. Hukumomin Majalisar, da hukumomin gwamnati, da ƙungiyoyin farar hula duk suna iya amfana, sai dai ana tantance ƙungiyar farar hula kafin a ba ta damar wallafa buƙatarta, inda ake duba takardun rajistarta da alaƙar aikinta da hukumomin Majalisar. A ganina wannan tantancewar daidai ce ko da tana ɗaukar lokaci, domin ita ce ke ba wanda yake Nairobi ko Manila ƙarfin gwiwar sadaukar da lokacinsa ga ƙungiyar da bai taɓa jin sunanta ba.

Da zarar an wallafa buƙata, masu neman aikin suna zuwa da yawa, kuma cikinsu akwai waɗanda ƙungiya irin tamu ba za ta iya ɗaukar nauyin albashinsu ba ko na wata guda: ɗaliban digiri na biyu a fannin raya ƙasa, ma'aikatan banki da suka saba karanta rahoton kuɗi, da mutanen da suka yi ritaya bayan sun shafe shekaru suna rubuta takardun neman tallafi. Zaɓen wanda za a ɗauka da kula da aikinsa duka suna wuyan ƙungiyar da ta nema. Dandalin yana haɗa ku ne kawai, sannan a ƙarshe kowane ɓangare ya rubuta ra'ayinsa game da ɗaya. Abin da na ga ya fi taimakawa wajen zaɓe shi ne ƙaramin gwaji: a ba mai nema sunan gidauniya guda, a ce ya rubuto a sakin layi ɗaya ko ta dace da aikinmu da dalilinsa. Wanda ya dawo da amsar cewa ba ta dace ba, ya kuma nuna inda ya gani, shi ne mutumin da ake nema.

A nan ne gizo ke saƙar, domin ingancin abin da za a samu yana rataye ne ga takardar bayanin aiki da ƙungiya ta rubuta. Idan aka ce wa mai sa-kai ya nemo masu tallafa wa ilimi a Afirka, to zai kawo jerin manyan sunaye da kowa ya sani, ya sa Gidauniyar Gates a sahun gaba, alhali ita kanta ta bayyana cewa galibi ita ke gayyatar waɗanda take so su gabatar da buƙata, kuma ayyukanta a Najeriya sun fi karkata ga lafiya da noma. Irin wannan jerin an yi ba a yi ba ne. Masu wannan sana'a suna auna kowane mai ba da tallafi da abubuwa uku: ƙarfin aljihunsa, da sha'awarsa ga irin aikin da ake yi a irin wurin da ake yin sa, da kuma hanyar da za a bi a isa gare shi. Saboda haka takardar da muka rubuta ta fayyace jihohin da muke aiki a cikinsu, wato Borno da Yobe da kuma jihar Difa a Nijar, ta faɗi girman tallafin da tsarin kuɗinmu zai iya riƙewa ba tare da ya fi ƙarfinmu ba, ta ambaci takardun da muke da su, kamar rajistar hukumar CAC da ta sashen SCUML mai yaƙi da halatta kuɗin haram da rahoton masu binciken kuɗi na shekarun baya, ta kuma lissafa waɗanda muka riga muka sani domin kada a ɓata lokaci a kansu. Mun kuma shardanta cewa duk wani bayani da aka rubuta sai a haɗa shi da adireshin shafin da aka samo shi da ranar da aka duba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya bambance aikin da za a dogara da shi da wanda sai an sake shi daga farko.

Wata mai sa-kai daga gabashin Afirka, wadda ta taɓa aiki a sashen kuɗi na wata ƙungiyar agaji, ita ce ta nuna mini iyakar kyan da wannan aiki zai iya kaiwa. Maimakon ta tsaya a shafukan gidauniyoyi, inda kowace ke faɗin kyawawan manufofinta, sai ta koma ga takardar haraji mai suna 990-PF, wadda doka ta wajabta wa kowace gidauniya mai zaman kanta a Amurka ta cike duk shekara, kuma kowa yana iya karanta ta kyauta a rumbun bayanan kafar labarai ta ProPublica. A cikin wannan takarda ana ganin sunayen amintattun gidauniyar, da jimillar dukiyarta, da jerin duk waɗanda ta bai wa kuɗi a shekarar, kowanne da adadinsa da dalilinsa. Tun da dokar Amurka ta tilasta wa irin waɗannan gidauniyoyi su kashe kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu a kowace shekara, mutum zai iya ƙiyasta abin da gidauniya za ta raba daga girman dukiyarta. Akwai kuma wani ɗan akwati kusa da ƙarshen takardar, wanda gidauniya ke sa wa alama idan ba ta karɓar buƙatar da ba ta nema ba, sai dai ta bai wa waɗanda ta riga ta zaɓa. A jadawalin da wannan baiwar Allah ta aiko, akwai layin wata gidauniyar iyali wadda shafinta ke cike da hotunan 'yan makaranta mata a Afirka. A gaban sunan ta rubuta cewa an sa alama a akwatin, cewa duk tallafin da gidauniyar ta bayar a shekarun da ta duba ya tafi ne ga ƙungiyoyin da ke da rajista a Amurka, kuma babu ko ɗaya da ya shafi yammacin Afirka, sannan ta shafa wa layin launin toka, ta rubuta a gefe cewa kada a ɓata takarda. Da mun bi shafin gidauniyar kawai, da mun kashe makonni muna tsara buƙatar da ba wanda zai buɗe.

Aikin nata ya yi kama da shiƙar hatsi, inda tarin da ya rage a faifai ya fi wanda aka fara da shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma shi ne abin da za a kai wa mai niƙa. Fiye da rabin sunayen da ta fara da su sun ƙare da launin toka, kowanne da dalilinsa a rubuce, kuma waɗannan dalilan sun zama mana ilimi da kansu. Daga cikinsu ne na fahimci abin da ya sa gidauniyoyin Amurka da yawa ke kauce wa bai wa ƙungiyar waje kuɗi kai tsaye: doka ta ɗora musu ɗaya daga cikin nauyi biyu, ko dai su tabbatar ta hanyar lauya ko ƙwararren masanin haraji cewa ƙungiyar daidai take da ƙungiyar jinƙai ta Amurka, ko kuma su ɗauki alhakin bin diddigin yadda aka kashe kowace dala. Ƙaramar gidauniya mai ma'aikata kaɗan ba ta son ko ɗaya daga ciki, shi ya sa take miƙa kuɗinta ga wata ƙungiya ta can, ita kuma ta raba wa na nan. Wannan ya juya akalar binciken gaba ɗaya, muka daina tambayar wa ke da kuɗi, muka koma tambayar ta hannun wa kuɗin ke bi kafin su iso Maiduguri ko Difa.

Ga wannan tambaya ta biyu, rumbunan bayanan hukuma sun fi amfani, kuma mai sa-kai da ya iya sarrafa su ya cancanci a riƙe shi hannu biyu. Ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai yana da tsarin bin sawun kuɗi da ake kira FTS, wanda ke nuna abin da kowace ƙasa ko hukuma ta bayar ga shirin agajin wata ƙasa, da wanda ya karɓa, da fannin da aka sa kuɗin. Akwai kuma tsarin IATI na bayyana bayanan tallafi, wanda aka ƙaddamar a Akara a 2008, inda hukumomi da ƙungiyoyi ke wallafa ayyukansu ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa har da sunayen abokan aiwatarwa da ranar da aikin zai ƙare. Ranar ƙarewar nan tana da muhimmanci ƙwarai, domin babbar ƙungiya tana neman sababbin abokan aiki na cikin gida ne a lokacin da take tsara zango na gaba. Ta wannan hanya binciken ya dawo da mu ga ƙofofin da ke kusa da mu: Asusun Jinƙai na Najeriya, wanda aka ƙaddamar a taron Oslo a watan Fabrairun 2017 domin jihohin Borno da Adamawa da Yobe, da asusun yankin yammaci da tsakiyar Afirka da ya fara aiki da Nijar a 2021, da asusun Education Cannot Wait na ilimi a wuraren rikici, da kuma dandalin UN Partner Portal, inda hukumomi irin su UNICEF da UNHCR da WFP ke wallafa kiran neman abokan aiki. Alƙawarin da manyan masu ba da tallafi suka ɗauka a taron Istanbul na 2016, na cewa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin jinƙai zai riƙa isa ga ƙungiyoyin cikin gida ta hanya mafi kusa, har yau bai cika ba, kuma abin yana damuna matuƙa, domin mutanen cikin gida ne ke rage a wurin idan hanya ta rufe. Duk da haka, waɗannan asusun haɗaka su ne wuraren da alƙawarin ya fi kusa da zama gaskiya, saboda haka binciken da ya kai ƙungiya gare su ya yi abin da aka nema.

Rauni na farko da kowa zai ci karo da shi shi ne tsufan bayanai. Takardar 990-PF tana fitowa ne shekara ɗaya ko biyu bayan an kashe kuɗin, alƙaluman OECD masu cikakken bayani ma suna zuwa a makare, kuma a wannan zamani shekara guda ta isa ta rushe taswirar gaba ɗaya. Wanda ya dogara da alƙaluman 2022 game da Nijar zai ga Faransa da Tarayyar Turai a sahun gaba, ba tare da ya san cewa sun dakatar da wani babban ɓangare na tallafinsu bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 ba. Wanda ya kwafo tsohon jeri zai saka shirin Gidauniyar MacArthur na yaƙi da cin hanci a Najeriya, alhali an kammala shi a 2024. Mai sa-kai da ke zaune a wata nahiya ba lallai ne ya san waɗannan sauye-sauye ba, don haka wajibi ne wani daga cikin ma'aikatan ƙungiya ya zauna da shi ta wayar bidiyo a farkon aiki, ya faɗa masa halin da yankin yake ciki, sannan ya riƙa duba jadawalin mako-mako maimakon ya jira ƙarshe. Wannan yana cin lokacin ma'aikaci, kuma duk wanda ya ɗauka cewa aikin kyauta ne gaba ɗaya bai lissafa wannan ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wa'adin makonni 12 ma yana da fuska biyu. Ya isa a tace jeri a kuma rubuta taƙaitaccen bayani a kan waɗanda suka tsira, amma yakan ƙare ne daidai lokacin da mai sa-kai ya fara fahimtar ƙungiyar sosai, ya fara gane wanda ya dace tun kafin ya gama karanta shafi. Ana iya sake wallafa aikin, sai dai babu tabbacin mutumin zai samu sararin dawowa, tun da yana da nasa aikin da iyalinsa. Tun da kuma babu albashi, babu abin da ke ɗaure mutum sai alƙawarinsa. Wani da muka ɗauka ya yi shiru bayan ya fara, ba sallama ba bayani. Wani kuma ya aiko da dogon jeri mai tsari cikin ɗan lokaci, wanda da na bi shi layi-layi na tarar wasu gidauniyoyin babu su a duniya, wasu kuma akwai su amma adadin kuɗin da ranakun rufe karɓar buƙata duk shaci-faɗi ne, alamar cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta tsara shi kuma ba a duba ba. Laifin na wanda ya aiko ne, kuma sharaɗin haɗa kowane bayani da tushensa shi ne ya tona asirin tun kafin mu aika wa kowa wasiƙa. Ba na adawa da amfani da irin waɗannan manhajoji wajen fara lalube, amma duk sunan da ba a gan shi a takardar hukuma ko a shafin gidauniyar kanta ba, bai kamata ya shiga jadawali ba.

Giɓin da ya fi girma a wurina shi ne na masu ba da tallafin da ba sa cikin rumbunan Turai da Amurka sosai. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da asusunsa na inganta rayuwa da sana'o'i da aka kafa a 2016, da Cibiyar Agaji ta Sarki Salman da aka kafa a 2015, da ƙungiyar Qatar Charity, duk suna da ayyuka a yankin Sahel, sai dai yawancin masu sa-kai da suka nemi aikinmu ba su ambace su ba sai da muka tambaya, kuma wani ɓangare na bayanansu da Larabci yake. Haka ma gidauniyoyin cikin gida, kamar Gidauniyar Aliko Dangote da aka kafa a 1994 da Gidauniyar TY Danjuma, da kamfanonin da ke ware wani abu domin al'umma, da hukumomin zakka da waƙafi na jihohi. Waɗannan ba su da takarda irin 990-PF da baƙo zai karanta daga nesa, kuma sau da yawa hanyar isa gare su tana bi ne ta sanayya da mutunci da wanda zai gabatar da kai. Maganin da muka samu shi ne raba aikin gida-gida: mai jin Larabci ya ɗauki ƙasashen Larabawa, mai jin Faransanci ya ɗauki ɓangaren Nijar da hukumomin da ke wallafa kiransu da Faransanci, mu kuma muka riƙe na cikin gida a hannunmu. Dandalin yana ba da damar neman mutum da takamaiman harshe, kuma wannan yana daga cikin manyan alfanunsa, domin samun mai jin Larabci da ya iya karanta rahoton kuɗi a kasuwar ma'aikata ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Akwai iyakar da ya kamata ƙungiya ta shata wa kanta tun kafin ta fara, musamman idan binciken ya gangaro daga hukumomi zuwa ɗaiɗaikun masu hannu da shuni. Tattara bayanai a kan dukiyar mutum da iyalinsa da abokansa ba tare da saninsa ba abu ne da doka ke kallo. A watan Disambar 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar ƙungiyoyin jinƙai na RSPCA da British Heart Foundation saboda, cikin wasu dalilai, sun riƙa auna arzikin masu ba su gudummawa a ɓoye, kuma bayan 'yan watanni ta ci tarar wasu ƙungiyoyi goma sha ɗaya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, Najeriya ma ta kafa tata a 2023. Mai sa-kai yana aiki ne da kwamfutarsa a gidansa, kuma bayan makonni 12 ya tafi, saboda haka ban ga hikimar miƙa masa jerin sunayen mutanen da suka taɓa ba mu gudummawa ba. Mun taƙaita aikin ga hukumomi da gidauniyoyi da bayanan da suka wallafa da kansu, kuma ba mu yarda wani mai sa-kai ya tuntuɓi mai ba da tallafi da sunanmu ba, domin gaisuwar farko hakkin shugabannin ƙungiya ce. Mun kuma ƙara wani layi a jadawalin domin tambayar da akan manta da ita idan aljihu ya bushe, wato daga ina kuɗin mai bayarwar suka fito. Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarin hulɗarta da masu zaman kansu na 2016, ta haramta wa kanta mu'amala da masana'antar taba da ta makamai. Ƙungiyar da ke aiki a garuruwan da rikici ya ɗaiɗaita tana da dalilin da ya fi wannan ƙarfi na sanin wanda sunansa zai hau kan allon rijiyar da ta haƙa, domin amincewar mai unguwa da limami da iyayen yara ita ce jarinta na farko.

Idan aka kwatanta da hanyoyin da ake biya, tsarin yana da matsayinsa. Rumbun bayanan gidauniyoyi na ƙungiyar Candid, wadda ta samu daga haɗewar Foundation Center da GuideStar a 2019, ya fi saurin bincike nesa ba kusa ba, amma ana biyan kuɗin rajista da dala, kuma ƙarfinsa ya fi yawa a kan gidauniyoyin Amurka. Shafukan Devex da fundsforNGOs suna sanar da kiran neman buƙatu, sai dai sanarwar da ta iso gare ka ta iso ga dubban ƙungiyoyi a rana guda. Na Birtaniya kuwa, rumbun GrantNav na 360Giving da rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta Ingila da Wales kyauta suke, abin da suke buƙata kawai shi ne mai haƙurin karantawa, wanda shi ne ainihin abin da mai sa-kai ke kawowa. Ƙwararren mai ba da shawara da ake biya ya fi su duka ta fuska ɗaya, domin yana zuwa da sanayya, ya san jami'in da ke kula da yankin a wata gidauniya, ya san abin da ba a rubutawa. Wannan ba abu ne da za a nema a wurin mai sa-kai ba. Zan kuma ja kunnen 'yan'uwa game da masu yawo suna cewa za su samo tallafi a ba su kaso daga ciki, domin ƙa'idojin wannan sana'a sun yi tir da hakan, kuma masu ba da tallafi da yawa ba sa yarda a cire irin wannan kuɗi daga abin da suka bayar.

Ga matasanmu masu digiri da ke tunanin shiga a matsayin masu sa-kai, ina ganin binciken masu ba da tallafi yana cikin ayyukan da suka fi koyar da mutum a wannan dandali, domin wanda ya shafe makonni yana karanta rahotannin kuɗi da kiran neman buƙatu zai fahimci yadda kuɗin agaji ke tafiya fiye da wanda ya halarci tarurrukan bita da dama. Sai dai ya shiga da ido buɗe. Kuɗin data da na caji daga aljihunsa za su fito, ana buƙatar Turanci ko Faransanci mai ƙarfi a rubuce, kuma takardar yabon da zai samu shaida ce ta aiki, ba ta mayar da shi ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta kuma zama alƙawarin ɗaukar aiki. Abin da yake da shi wanda baƙo ba shi da shi shi ne sanin ƙasa: ya san bambancin aiki a Maiduguri da aiki a Damasak, yana iya jin Larabci daga makarantar Islamiyya, kuma ya san gidauniyoyin cikin gida da ba sa fitowa a rumbunan waje. Ƙungiyoyin duniya da ke aiki a yankinmu suna buƙatar irin wannan mai bincike, kuma a cikin waɗanda suka nemi aikinmu 'yan yankin ba su da yawa, abin da nake fatan ya sauya.

Ƙungiyar da nake ba shawarar ta gwada wannan tsari ita ce wadda takardunta suka cika, take da rahoton masu binciken kuɗi, take da bayanin aikinta a rubuce a shafi biyu, sannan take da ma'aikaci guda da zai ware sa'o'i kaɗan a kowane mako domin duba abin da ake aikowa. Wadda albashin ma'aikatanta zai tsaya nan da wata biyu ba za ta samu ceto a nan ba, domin tsakanin gano gidauniyar da ta dace da shigowar kuɗi a asusu ana iya shafe shekara, wani lokaci fiye. A ɓangarenmu, jadawalin da ya rage yana hannun shugabar sashen shirye-shirye, an raba sunayen tsakanin masu buɗaɗɗen kira da masu buƙatar a gabatar da mu, kuma za mu sake wallafa aikin bayan an fitar da sababbin takardun haraji na gidauniyoyin, wannan karon da neman mai jin Larabci tun daga sanarwar farko.